Me Ke Danna Mutum a Jikin Kujera Idan Direba Ya Taka Totur?

Tambaya: Malam, duk sanda direba ya taka totur da ƙarfi sai in ji kamar an danna ni a jikin kujera. Kuma ina jin masu sharhin tseren motoci suna cewa direba ya sha "g huɗu" ko "g biyar". Shin janyowar ƙasa ce take ƙaruwa a kan mutum idan mota ta ƙara gudu? Wanda muke sha a motocinmu na yau da kullum nawa ne, kuma yana da illa?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, janyowar ƙasa ba ta ƙaruwa ko ƙwayar zarra. Yadda take jan ka kana zaune a zaure, haka take jan ka kana cikin motar da ta ƙure maleji. Kuma ita ƙasa take jan mutum, ba ta jan shi baya wajen but. Abin da kake ji a gadon bayanka kujera ce take tura ka gaba.

Tun 1687 Isaac Newton ya rubuta dokar da ta fayyace wannan: abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiyarsa a miƙe ba ƙari ba ragi, har sai wani abu ya tura shi ko ya ja shi. Inji ya juya taya, taya ta tokari kwalta, mota ta zabura. Kai kuwa babu abin da ya haɗa ka da inji. Jikinka yana nan inda yake har bayan kujera ya zo ya same ka, soso ya lotsa, ya kwashe ka ya yi gaba da kai. Wanda ke tsaye a bakin titi bai ga ka ja da baya ko taku ɗaya ba, gaba kawai ya ga kana yi. Ƙwaƙwalwarka ce ta ɗauki cikin mota a matsayin ɗakin da ba ya motsi, shi ya sa take gaya maka wani abu ya tura ka baya.

To, ta ina g ya shigo zancen? Idan ka saki dutse daga sama, duk sakan ɗaya gudunsa yana ƙaruwa da mita 9.8 a sakan. A lissafin da direba ya saba da shi, ƙarin kilomita 35 a awa ke nan kowane sakan: bayan sakan ɗaya yana kan 35, bayan biyu 70, bayan uku ya haura 100, in an cire tirjiyar iska. Wannan adadi shi ne g, kuma tun 1901 masana awo suka tsayar da shi a kan 9.80665. Injiniyoyi sai suka mayar da shi mudu. Mudun da aka auna gero da shi zai auna shinkafa, haka g yake auna kowane irin sauyin gudu, na mota ne, na jirgi ne, na roka ne, ko da janyowar ƙasa ba ta da hannu a ciki. Idan aka ce direba ya sha g 4, ana nufin gudunsa yana sauyawa ninki huɗu na yadda gudun dutse mai faɗowa yake sauyawa, kuma kujera ko bel yana matsa shi da ƙarfin da ya kai nauyinsa sau huɗu.

Lissafin naka ba ya buƙatar kwamfuta. Motar da za ta tashi daga tsaye ta kai kilomita 100 a awa cikin sakan 2.83, ita ce ke kan g 1 cif. Don haka ka raba 2.83 da yawan sakan ɗin da motarka take ɗauka kafin ta kai 100. Ƙaramar motar gida mai lafiya tana yin hakan cikin kamar sakan 10, wato g 0.28. Idan nauyinka kilo 70 ne, kujera tana tura ka da ƙarfin kilo 20 kacal. Motar haya da aka yi wa lodi har saman rufi, in ta ɗauki sakan 20, rabin wannan ne. Motocin ƙwalisa masu yin sa cikin sakan 4 suna kan g 0.7. Daga can sama akwai Rimac Nevera, motar lantarki ta ƙasar Kuroshiya, wadda a 2023 ta kai 100 cikin sakan 1.81, fiye da g 1.5. A shekarar kuma wasu ɗaliban jami'a a Suwizalan suka ƙera wata 'yar motar lantarki da ta yi shi cikin sakan 0.956, a tazarar mita 12.3, kusan g 3. Sai dai a riƙa kallon lambobin talla da ido biyu. Kamfanin Tesla ya ce Model S Plaid tana kaiwa mil 60 a awa cikin sakan 1.99, amma mil 60 bai cika kilomita 97 ba, kuma ba a fara ƙirga lokacin sai mota ta riga ta ɗan gusa.

Ka ga ke nan a motocin da muke hawa, mutum ba ya ko kusantar g 1 ta hanyar totur. Lambar da ka lissafa ma matsakaiciya ce ta dukkan tafiyar. Matsin ya fi ƙarfi a giya ɗaya, ya ragu a ta biyu, kafin a kai ta biyar da ƙyar za ka ji shi ko da direba ya kwantar da totur ƙasa. Dalili shi ne ƙarfin aikin inji yana da iyaka, kuma yana rabuwa ne tsakanin turi da gudu: in gudu ya ninka, turi ya koma rabi. Ɗauki mota mai kilo 1,400 da inji mai ƙarfin doki 134. A kan kilomita 100, ko inji ya ba da duk abin da yake da shi, turin ba zai wuce g 0.26 ba, tun kafin iska ta cire kasonta, ita kuwa tirjiyar iska ninki huɗu take yi duk sanda gudu ya ninka.

A farkon tashi kuma ba inji ne ke hana ruwa gudu ba, taya ce. Duk ƙarfin da mota za ta tura ka da shi sai ya bi ta wurin da roba ta taɓa kwalta, wanda a kowace taya bai fi faɗin tafin hannu da yawa ba. Taya mai kyau a kan busasshiyar kwalta tana iya tokarar ƙasa da ƙarfin da ya kai kusan nauyin da ke kanta. In an nemi fiye da haka sai ta yi ƙara, ta juya a wuri ɗaya, ta yi hayaƙi. Yawancin ƙananan motocinmu tayoyin gaba ne ke ja, kuma da an taka totur nauyi yakan koma baya: gaban mota ya ɗaga, baya ya dusa. Wato daidai lokacin da ake buƙatar tayoyin gaba su kama, a lokacin ne ake sauke musu nauyi. Shi ya sa irin waɗannan motoci da wuya su wuce g 0.5 wajen tashi, ko wane inji aka sa musu. Samarin da ke sakin kuloci da ƙarfi taya na ihu suna zaton sun tashi da zafi, alhali tayar da ke sulɓi ta fi wadda ta kama rauni. Roba kawai suke ƙonawa. Masu wuce g 1 kuwa, wasu tayoyi masu kama titi sosai suke sawa kuma duka huɗun suna ja, wasu kuma dabara suke yi don danna mota ƙasa fiye da nauyinta. Motocin tsere na Formula 1 suna da fikafikai masu sa iska ta danne su, waɗancan ɗaliban na Suwizalan kuma na'urar zuƙar iska suka sa a ƙarƙashin motar ta manne ta da titi tun tana tsaye.

Amma kada ka ga kamar jikinka ya yi shirme da ya haɗa wannan matsi da nauyi. A 1907, Albert Einstein yana ma'aikacin ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern, ya gano cewa mutumin da aka rufe a ƙaramin ɗaki marar taga ba shi da wani gwaji da zai bambance masa ko janyowa ce take danna shi a daɓe, ko kuwa ɗakin ne ake ja sama da gudu mai ƙaruwa. Daga wannan tunani ya gina babbar nazariyyarsa ta 1915 a kan janyowa. Hasali ma ita janyowar ba a jin ta a jiki. Abin da kake kira nauyinka yanzu haka kana zaune, turin kujera ne daga ƙasa, wanda ya hana ka faɗuwa. Mai faɗowa daga sama ba ya jin nauyi, ko da yake ƙasa tana jan shi sosai.

Za ka iya ganin abin da idonka. Dubi carbin da direbobi ke rataye a madubin tsakiya. Mota na tsaye, ya sauko a miƙe. An taka totur, ya karkata baya ya tsaya a karkace muddin gudu na ƙaruwa. Direba ya daidaita ƙafa a kan kilomita 120, carbi ya dawo ya miƙe kamar mota ba ta tafiya. An taka birki, ya yi gaba wajen gilashi. An sha kwanar dama, ya yi hagu. Karkatar tasa ma'auni ne na gaske: a g 0.3 yana yin digiri 17 daga miƙe, a g 1 yana yin digiri 45. In ba ka da abin auna digiri, duba nisan da ƙarshensa ya gusa gefe, ka raba da nisan da ya sauko ƙasa daga madubi, abin da ya fito shi ne g ɗin. Ruwan da ke cikin gora ma haka samansa zai karkata. Balan-balan mai iskar da ke tashi sama kuwa akasin haka take yi, gaba take zuwa idan aka taka totur, domin iskar cikin mota ta fi ta nauyi, ta taru a baya ta tunkuɗo ta.

Kai ma akwai irin wannan ma'auni a cikin kunnenka. Can ciki akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kama da tsakuwa zaune a kan wani abu mai yauƙi, da siraran gasu a ƙarƙashi. In ka ɗaga kai sama, ƙwayoyin su zame baya, gasun su lanƙwashe. In mota ta zabura gaba, nan ma su zame baya. Saƙo ɗaya ne yake isa ƙwaƙwalwa. Rufe idonka a kujerar fasinja sanda ake tashi da ƙarfi, za ka ji kamar ana hawa tudu. A mota wannan ba komai ba ne, amma ga matuƙin jirgin sama da ya tashi cikin duhu babu abin da yake gani a waje, rikici ne mai kisa: sai ya ji kamar hancin jirgi ya ɗaga da yawa, ya tura shi ƙasa. Shi ya sa ake horar da su su yarda da na'ura su ƙaryata kunnensu. Shi kansa tashin jirgin fasinja a kan titinsa kusan g 0.25 ne, daidai da motar gida. Abin da ya sa ya fi ratsa jiki shi ne yana ɗaukar wajen rabin minti babu canjin giya. Da ya kai sama ya daidaita a kilomita 900 a awa kuwa, shayi ko kaɗawa ba ya yi a kofi. Gudu ba a jin shi, sauyinsa ake ji.

A nan ne nake ganin tambayar taka ta kalli gefen da bai fi muhimmanci ba. Babban g a motar yau da kullum yana wajen birki. Duka tayoyi huɗu ne ke kamawa, kuma birki ya fi inji ƙarfi nesa ba kusa ba. Motar da ke buƙatar sakan 10 ta kai 100 tana iya tsayawa daga 100 cikin sakan 3.5 a busasshiyar kwalta, kusan g 0.8, a tazarar mita 49. In an yi ruwa, ko rairayi ya hau titi, ko taya ta suɗe, kamun ya faɗo zuwa 0.4, tazarar ta zama mita 98. Ban da mita 28 da mota ke cinyewa a sakan ɗayan da direba ke ɗauka kafin ƙafarsa ta kai kan birki.

Kwana ma sauyin gudu ce, domin juya alƙibla daidai yake da ƙari ko ragi a wajen jiki. A shataletalen da ke da mita 20 daga tsakiya zuwa inda mota ke bi, kilomita 30 a awa yana ba da g 0.35 ta gefe. Ka ninka gudun zuwa 60, ba ninki biyu za ka samu ba, ninki huɗu ne, g 1.4, abin da tayar motar gida ba ta da shi. Kamun taya kuma asusu ɗaya ne: abin da birki ya ci, sitiyari ba zai samu ba, shi ya sa ake rage gudu kafin a shiga kwana. Tirela da tanka nasu ya fi muni. Nauyinsu yana sama, don haka babbar mota mai cikakken lodi tana iya kifewa tun a wajen g 0.4, tayoyinta ba su ma fara sulɓi ba. Tankar da ba ta cika ba kuma ga man da ke tunkuɗa gefe a ciki.

Sai batun illa. Abu uku ne ke yanke hukunci: yawan g, tsawon lokacinsa, da ɓangaren da ya bi a jiki. Mafi haɗari shi ne mai bi daga kai zuwa ƙafa, irin wanda matuƙan jiragen yaƙi ke sha idan suka yi kwana mai tsanani. Jini yana yin nauyi, zuciya ta kasa tura shi sama, gani ya dushe, mutum ya suma. Wanda ba a horar ba yakan suma a tsakanin g 4 zuwa 6 cikin 'yan sakanni. Masu horo, da wandon da ke matse ƙafafu da ciki, suna jure g 9. Na mota kuwa daga ƙirji zuwa baya yake bi, ba ya kwashe jini daga kai, kuma jiki ya fi jure shi ƙwarai. Dalilin ke nan da ake kwantar da 'yan sama-jannati rigingine lokacin harba roka. Direbobin Formula 1 suna shan wajen g 5 a birki da wasu kwanoni, ɗaruruwan lokuta a tsere ɗaya, kuma wuya ne ya fi shan wahala, domin kai da hular kwano sun yi nauyi sau biyar. Duba kaurin wuyansu za ka gane.

Wanda ya gwada iyakar da jikinsa shi ne Kanar John Stapp, likitan sojan saman Amurka. Ranar 10 ga Disamba 1954, a sansanin Holloman da ke jihar New Mexico, aka ɗaure shi a kan wata kujera mai roka da ke bin dogo. Ta kai kilomita 1,017 a awa, aka tsayar da ita cikin sakan 1.4. A daidai inda matsin ya fi tsanani, ya sha g 46.2. Idanunsa suka cika da jini, ya daina gani na ɗan lokaci, amma ya warke, ya rayu har 1999, kuma ya zama cikin manyan masu fafutukar sa bel a motoci. A 2020 a Baharain, motar direban Formula 1 Romain Grosjean ta daki shingen ƙarfe da g 67, ta rabe biyu ta kama da wuta, ya fito da ƙafarsa da ƙuna a hannu. Abin da ya haɗa su shi ne an ɗaure su tamau, ƙarfin ya bazu a wuraren da ƙashi ke iya ɗauka, kuma bai daɗe ba.

Don haka g 0.3 na totur ba ya yi wa mai lafiya komai. Karo shi ne wurin da lambobi ke tashi. Mota na kilomita 50 kacal a awa ta daki bango, daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. In ka sa bel, kuma gaban mota ya lotsa rabin mita, kana tsayawa tare da ita a kan kusan g 20. In ba ka sa ba, mota ta tsaya kai kana nan kan 50 ɗinka, har sitiyari ko gilashi ya tsayar da kai cikin santimita 10, wajen g 100, kuma a goshi ko ƙirji. Mutane na kukan cewa motocin yanzu ba su da ƙwari, ɗan karo kaɗan gaba ya murƙushe. Da gangan aka yi su haka. Tun 1959 Mercedes ta fara fito da motoci masu gaba da baya da ke lotsawa bisa ƙirar injiniya Béla Barényi, a shekarar kuma Volvo ta fito da bel mai bi ta kafaɗa da ƙugu na Nils Bohlin. Kowane santimita da ƙarfe ya lotsa ƙarin tazarar tsayawa ce, kuma in tazara ta ninka, g ya koma rabi. Abin da ya fi tayar min da hankali a titunanmu shi ne uwa a kujerar gaba da yaro a cinya. Yaro mai kilo 10, a g 20, ya zama kilo 200 cikin ƙiftawar ido. Babu hannun da zai riƙe shi.

Akwai wani abu ƙarami da fasinjoji suka fi ji fiye da g ɗin kansa, wato saurin zuwansa. Matsin da ya shigo a hankali, tsokar wuya da baya suna shirya masa. Wanda ya zo farat ɗaya shi ke sa kai ya yi gaba ya dawo, ya tayar wa mutane zuciya. Ƙwararren direba yana ɗan sassauta birki a mitocin ƙarshe kafin mota ta tsaya cak, kuma yana shigar da totur a hankali bayan canjin giya, sai ka ga dattijo na gyangyaɗi a baya bai farka ba.

In kana son lambar motarka, wayarka tana da na'urar auna wannan, wadda ke juya hoto idan ka kwantar da waya, kuma akwai manhajoji na kyauta da ke nuna abin da take karantawa. Ajiye ta a tebur za ta nuna maka 9.8 ta sama, turin tebur ke nan. A mota sai ka manne ta a wuri mai daidaito da ba ya motsi, tsawonta na kallon gaba, wani ya tuƙa kai kana duba, a hanyar da babu mutane. Ka raba abin da ta nuna da 9.8. Lambar za ta ɗan haura ta gaskiya, saboda gaban mota yana ɗagawa lokacin tashi, wayar ta karkata tare da shi ta ɗebo kaɗan daga 9.8 ɗin sama ta ƙara a kai. In titin yana da gangare, yi gwajin zuwa da dawowa ka ɗauki tsakiya.